Ranar da Baba Ya Buga Ƙarfen Mutuwa

Wata huɗu ke nan da muka binne Baba, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro. Ni ba marubuciya ba ce, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi. Matar fastonmu ce ta matsa mini, ta ce, "Rifkatu, bakin nan naki da ba ya gajiya, ki juye shi a takarda ko wani ya amfana." To ga shi na juye. Duk mai tsoho a gida ya karanta da kyau, don da na sami wanda ya faɗa mini tun farko, da ban yi abin da na yi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Rimin Gado, inda gona ke jingine da gona, ba ka iya yin tari maƙwabci bai ce maka sannu ba. Mu Kirista gida ashirin ne da 'yan kai, sauran duk Musulmi, kuma da yawansu kakanninmu ɗaya. Majami'armu ba ta da ƙararrawa irin ta birni. Tsohon wilin babbar mota ne aka rataye a reshen darbejiya, ana bugunsa da guntun rodi. Tun kafin a haife ni mahaifina ke wannan aiki, har sunansa ya ɓace, kowa sai Baba Mai Ƙarfe. Bugun iri uku ne, kuma kowa ya san su. Akwai na sujada, sau uku da safiyar Lahadi. Akwai na gobara, da sauri ba tsayawa. Sai na mutuwa, wanda ake yi ɗaya-ɗaya, a buga a jira amon ya ɗauke kafin a ƙara.

Ni na dawo gidanmu ne bayan rasuwar mijina, don haka daga ni sai Baba. Ƙanena Ishaya yana Kano yana jan a-daidaita-sahu, shi jinyarsa ta waya ce.

Abin ya fara da rani. Baba ya yi kwana biyu yana neman rediyonsa, ya ce an sace, muka same ta a cikin rumbu. Muka yi dariya, muka ce tsufa ce. Da aka yi ruwan shuka ya shuka gero ranar Litinin, ranar Talata ya koma ya tone ramukan ya sake shukawa, ranar Laraba ma haka, har irin ya ƙare. Na yi masa faɗa sosai, Allah ya yafe mini. Sai wata rana da la'asar ya dube ni ya ce, "Uwarki ba ta dawo daga kasuwa ba har yanzu?" Uwata Hannatu shekararta tara a ƙasa.

Na kai shi wani kemis a Tofa. Mai kemis ya ce taifot ce da maleriya. Shi dama ko karaya ka kai masa, taifot ce da maleriya. Baba ya shanye maganin tas, ya ci gaba da tambayar uwata.

Sai ranar da ba zan manta ba. Laraba ce, lokacin maimai, da hantsi, kowa yana gona. Ina gaban kasko ina suyar ƙuli sai na ji ƙarfe ya yi ƙara sau ɗaya. Na tsaya da matsami a hannu. Amon ya ɗauke, aka ƙara ɗaya. Na leƙa ɗakin Baba, ba kowa. Ban san lokacin da na bar kasko a wuta ba.

Kafin in kai bakin majami'a mutane sun fara ɓullowa daga cikin gero, maza da fartanya a kafaɗa, mata suna salati irin namu, "Wayyo Yesu, wa ya tafi?" Har maƙwabtanmu Musulmi sun taho, don su ma sun san bugun. Akwai Rahila, shugabar masu kaɗa tulu a zumuntar matan majami'a, wadda ɗanta yake kwance a asibiti a Kano bayan haɗarin babur. Ita tana jin ƙarfe ta yanke cewa nata ne. Ta sheƙo da gudu tana kururuwa, ta yi tuntuɓe da kunyar gona ta yi mummunan targaɗe, da rarrafe ta ƙaraso. Baba kuwa yana tsaye ƙarƙashin darbejiya da rodi a hannu, fuskarsa sharkaf da hawaye.

Na ce, "Baba, wa ya rasu?"

Ya ce, "Hannatu ce. Ba wanda ya buga mata."

Rahila ta ɗago daga ƙasa ta nuna shi da yatsa, ta ce, "Tsohon banza! Ka kashe mini ɗa da ransa!" Ɗan nata ya warke daga baya, ya dawo da ƙafafunsa. Amma ranar ban ga laifinta ba, yanzu ma ban gani ba.

Washegari Baba Bitrus, shugaban dattawan ikilisiya, ya zo da Fasto. Faston namu yaro ne sabon zuwa, kansa a sunkuye. Baba Bitrus ya gyara murya ya ce, "Rifkatu, mun zauna. Baba ya huta a gida, kada ya zo sujada, har Ubangiji ya ba shi sauƙi." Suka tafi da rodin. Kunya ta riga ta gama da ni, har godiya na yi musu.

Daga nan shawara ta fara zuba kamar ruwan Agusta. Kawuna, wanda bai bar hanyar kakanni ba, ya ce iskokin gidanmu ne da Baba ya juya wa baya suka zo karɓar haƙƙinsu, a yanka baƙin bunsuru. Matan zumunta suka ce azumin kwana uku. Hajiyar da ke sayen mai a wurina ta aiko da zuma da habbatus sauda. Ishaya kullum da sabon maganin da ya ji a bakin fasinja. Na karɓi na kowa ban da bunsurun, kuma ina godiya, don duk ƙauna ce. Sai dai masu shawarar nan ba wanda ya ce, "Je ki huta, in zauna da shi awa ɗaya."

Sau uku muka je babban asibiti a Kano. Zuwan farko mun tarar kati ya ƙare. Na biyu aka ce likitan masu irin wannan ciwo sai wani mako. Baba ba ya zama, ya ɗauka tasha ce, yana ta tambayar mutane motar gida, wai bai ba awaki dusa ba. Ina riƙe da layi da ido ɗaya, ina bin sa da ɗayan. Na sayar da tunkiyata saboda kuɗin mota da hoton kai da magani. A zuwa na uku muka ga likita, mace ce mai sanyin murya. Ta tambaye shi yau wace rana, bai sani ba. Ta nuna ni ta ce, "Baba, wannan fa?" Ya ƙare mini kallo ya ce, "Wata baiwar Allah ce ta rako ni." Na juya na dubi bango.

Likita ta ce sunan ciwon dimenshiya. Maganarta ta zauna mini daram: "Ba hauka ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke zubar da ajiyarta, sabuwar take fara zubarwa, tsohuwar ita ke daɗewa. Ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Abin da ya saba yi, ku bar shi ya yi muddin ba zai cutu ba." Na ce to, amma a raina na ce likita ba ta san Rahila ba. A cikin mota muna komawa sai wani abu ya faɗo mini. Dattawa sun ce sai ya sami sauƙi, likita ta ce babu sauƙi. Ashe ke nan an sallami Baba daga ɗakin Allah har ya mutu, kuma ni na yi godiya.

Baba ya manta sunana, ya manta hanyar bayan gida, amma bai manta Lahadi ba. Ban san yadda yake ganewa ba. Da safe sai in gan shi ya sa farar rigarsa, yana ɗaga tabarma yana neman rodi. Lahadin farko da wani ya buga ƙarfen, Baba ya zabura kamar kunama ta harbe shi. "Wa ke taɓa mini ƙarfe? Ba haka ake yi ba! Na makara, na makara!" Ya nufi ƙofa. Na sha gabansa, ya ture ni, tsohon da ba ya iya ɗaga guga. Na lallaɓa shi ya shiga ɗaki neman hula, na ja ƙofar na sa kwaɗo.

Ƙofar ta kwano ce. Ya dinga dukanta da hannu, kuma ba dukan banza ba, bugun sujada yake yi daidai yadda ya saba. Gidanmu bai fi taku ɗari daga majami'a ba. Lahadi biyu na je na zauna a benci, ina jin dukan nan ta cikin waƙa. Kowa yana ji, ba wanda ya dube ni. Daga nan na daina zuwa. Sai in zauna a tsakar gida da kwandon gyaɗa wai ina ɓara, in tashi, in je bakin ƙofar, in dawo, in sake tashi. Ban taɓa cika ko kwano ɗaya ba.

A mako na biyar ya rage cin tuwo. A na bakwai gefen hannunsa ya fashe, na ɗaure da tsumma. A na tara ya daina kiran kowa, dukan ne kawai, a hankali. Fasto yakan zo ran Litinin ya yi mana addu'a, Allah ya saka masa, amma da ya ce amin Baba zai tambaye shi, "Yau Lahadi?" Lahadi goma sha ɗaya na yi ina kulle mahaifina.

A ta goma sha biyu na rataya kwaɗon ban danna ba, na zaga bayan gida ɗebo ruwa. Na dawo ƙofa a buɗe. Lokacin an girbe gero, amma dawa ta fi tsayin mutum, ko raƙumi ya shiga ba ka ganinsa. Na duba majami'a, ba ya nan. Na shiga gonaki ina kira har muryata ta dushe, na leƙa rijiya biyu. Sai bayan azahar na hango Malam Idi yana tahowa riƙe da hannunsa. Malam Idi malamin allo ne a unguwar da ke gabanmu, tare suka yi kiwo da Baba suna yara. Ya same shi ne a gonarsa, daidai inda majami'ar farko ta jinka take kafin a tashe ta, yana tsaye yana buga dutse a bakin wata tsohuwar fartanya. Ƙafafunsa duk ƙaya.

Malam Idi ya zauna a kan turmi yana cire masa ƙayar da kansa. Bai ɗago ba ya ce, "Rifkatu, 'yata, kin san tsohon ladaninmu. Shekara biyu ke nan bai san azahar raka'a nawa ba ce. Mun karɓe lasifika daga hannunsa, amma ba mu hana shi sahu ba, mutum biyu ke sa shi a tsakiya. Ni ba na shiga sha'anin addininku. Amma wannan abokina ne, kuma na ga hannunsa." Kuka kawai na yi.

Dattawa suna zama ran Alhamis da yamma, kuma mace ba ta zuwa sai an kira ta. Ni ba a kira ni ba, na je. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, daga nan ladabin ya ƙare. Na ce, "Iyayena, kun ce sai ya sami sauƙi. Likita ta ce ba sauƙi. To ku faɗa mini da bakinku cewa sai gawarsa za ta shigo ɗakin nan, in san na ji." Na ce, "Shekara arba'in yana kiranku sujada, ruwa da rana. Rodin ne ya yi ɓarna ran Laraba, ku ɓoye rodin mana, don me za a ɓoye mutumin? Kai kuma Baba Bitrus, ran Lahadin ƙarshe da na zo na gan ka kana neman tabaranka yana bisa goshinka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Fasto ne ya cece ni. Ashe abin yana cin sa, har ya yi tambaya wurin wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinsu. Ya ce a ajiye rodin a gidansa, ba a fito da shi sai safiyar Lahadi, a danƙa wa Baba, wani namiji ya tsaya kusa da shi, in ya gama a karɓa. A ba shi benci na bakin ƙofa, kullum wuri ɗaya, in ya so fita ya fita, in ya yi magana kada a tsawata masa. A riƙa fara sujada da tsofaffin waƙoƙin da ya sani. Baba Bitrus ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "Gwaji ne. In aka sake yin abin kunya, magana ta ƙare." Da labari ya kai wa Rahila, ta ce ita dai kada a zaunar da shi inda za ta gan shi.

Lahadi ta zo, aka miƙa masa rodin. Ya buga sau uku, ko kuskure ɗaya babu. Ya shiga ya zauna, ya yi waƙa baiti bayan baiti, mutumin da bai san ya karya kumallo ba. Ba wai komai ya tafi sumul ba ne. Yakan fita sau huɗu ya dawo. In Fasto ya yi tambaya cikin wa'azi, irin wadda ba a son amsa, Baba sai ya amsa da ƙarfi. Ni kuwa a bakin benci nake zama, rabin jikina a waje, ban ji wa'azi ko ɗaya ba a makonnin nan. Kullum jira nake a yi abin da zai sa magana ta ƙare.

Aka yi shi ranar godiyar kaka. Ranar kowa ke kawo abin da gona ta ba shi, dammunan dawa da gero, buhunan gyaɗa, kaji a ɗaure, a tara a gaba. Baƙi sun zo daga ƙauyuka, ɗaki ya cika maƙil, matan zumunta sun sha anko, zane biyu-biyu. Sujadar ranar ba ta da ƙarshe, kowane gida sai ya fito da rawa. Mun shiga awa ta huɗu, Baba Bitrus yana doguwar addu'a, ido a rufe, sai na ji ɗis, ɗis, a kan siminti. Na buɗe ido. Farar rigar Baba ta jiƙe har gwiwa, fitsari yana bin ƙasa yana nufar layin mata. Wata baƙuwa ta janye ƙafa ta toshe hanci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama hannunsa in fitar da shi a ɓoye, sai ya dubi jikinsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wa ya zuba mini ruwa?"

Addu'a ta tsaya. Kai ɗari ya juyo. Na ce a raina shi ke nan, gobe sai kwaɗo.

Sai na ji murya daga layin masu tulu. "Ni ce, Baba. Gorar ruwa ce ta kuɓuce mini, yi haƙuri." Rahila ce. Ta ajiye tulunta ta taho tana ɗingishi, don ƙafar ba ta koma daidai ba. Ta kwance zanen ankonta na sama, sabo fil, ta ɗaura masa a ƙugu. Baba ya harare ta ya ce, "Ku yaran zamani ba ku da natsuwa. A ɗakin Allah?" Ta durƙusa ta ce, "Na tuba, Baba." Wata mata ta fita ta ɗebo yashi a kwano ta zuba a wurin, kamar yadda muke yi in jariri ya yi, ba wanda ya taɓa tsayar da sujada saboda haka. Baba Bitrus ya rufe ido ya ɗora daga inda ya tsaya.

Da aka tashi na bi Rahila in yi godiya. Ta ce, "Ni kada ki gode mini, ban gama hucewa ba. Wancan makon na je Minjibir, na tarar uwata ta dafa takalminta a tukunya." Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ki wanke mini zanena da kyau."

Saura Baba Bitrus. Na gan shi yana tahowa, fuska a murtuke, na tsaya ina jiran hukunci. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce, "Rifkatu, mako mai zuwa a rage masa kunun safe." Ya wuce abinsa.

Baba ya ci gaba da buga ƙarfe har hannunsa ya kasa ɗaga rodi, daga nan ya riƙa ɗora hannu a kan na mai bugawa. Da ƙafa ta ƙi, maza biyu ke zuwa su ɗauke shi a kujera. Ina godiya ga ikilisiyarmu, kuma ina da ƙorafi a kanta, duka biyun gaskiya ne. Ku masu majami'a, in tsohonku ya fara haka, kada ku ce ya zauna a gida sai ya warke, ku tambaya tukuna ko ciwon mai warkewa ne. Ku taƙaita addu'a, ku bar ƙofa a buɗe, ku kuma leƙa mai jinyar, don ita ma tana ciwo.

Ya rasu da farkon damina, ran Alhamis da rana. Kwana uku kafin nan ina ba shi koko a cokali, ya ɗan farfaɗo, idonsa ya washe. Abin da ke cina tun bara ya taso mini, na ajiye kofin na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Me kika yi mini, ke da kike ba ni abinci?"

Na ce, "Ni ce na riƙa kulle ka a ɗaki ranar Lahadi. Kana bugun ƙofa, ina zaune ina ji."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya irin ta wanda aka yi wa zancen da ba zai yiwu ba.

"Haba, baiwar Allah. Wa zai kulle ni? Ai 'yata Rifkatu ba za ta bari ba."